Ɓarna daga cikin gida: yadda za mu kare wurin aiki

Yau za mu yi magana bisa ma'aikacin da ya yi hushi har ya ɓata kayan aiki da gangan.

Hausawa sun ce da ɗan gari kan ci gari. Baƙo bai san inda ake ajiye makulli ba. Ma'aikaci kuwa ya san ƙofa, ya san inji.

Ga misali. A ƙarshen shekara ta 1999, a gundumar Maroochy ta ƙasar Ostiraliya, wani mutum ya bar kamfanin da ya girka na'urorin tura ruwan ƙazanta. Ya nemi aiki wurin hukumar gundumar, ba a ɗauke shi ba. Sai a shekara ta 2000 ya yi amfani da kwamfuta da na'urar rediyo yana juya famfuna daga cikin motarsa. Ruwan ƙazanta wajen lita 800.000 ya malala cikin koguna da wuraren shan iska. Kifaye suka mutu. A 2001 aka yanke masa kaso na shekara 2.

Mi ya ba shi dama? Ya san sirrin aikin, kuma da ya tafi ba a toshe masa hanya ba.

To, ga shawara 4 ga shugabannin magaza, da masu injin niƙa, da kowace ma'aikata.

1. A biya ma'aikaci haƙƙinsa a kan lokaci. In ya yi kuskure, a gaya masa a keɓe, kada a wulaƙanta shi gaban jama'a.

2. A saurari kukansa tun yana ƙarami. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

3. Kada a bar makulli da kuɗi da littafin lissafi hannun mutum guda. Mutum biyu su ƙirga, su rubuta, su sa hannu.

4. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki, a sallame shi da mutunci, a karɓi makulli da kayan aiki, a canja kwaɗo da lambobin sirri.

Kai kuma ma'aikaci, in an zalunce ka, kai ƙara wurin ƙungiyar ƙwadago ko ofishin sufeton aiki. In ka lalata inji, abokan aikinka ne za su fara rasa abinci.

Rigakafi ya fi magani. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.