ALLURAR DA TA CECI YAYATA, TA HALAKA WASU

Yau ba zancen kwalliya ko girki na zo muku da shi ba, labarin wata allura ce da na fara sani tun ina 'yar makaranta.

Ba zan manta daren da aka kai Yayata ƙaramin asibitin ƙauyenmu ba, bayan ta kwana biyu tana naƙuda. Likita ya duba ya ce sai an yi mata aiki, ga shi babu wuta sai ɗan janareto. Inna sai kuka take yi, ni kuwa cikina ya ɗuri ruwa. Cikin ikon Allah aka ciro ɗa namiji lafiya lau. Amma da Yaya ta fara farfaɗowa sai sambatu, wai ga ta can saman ɗaki tana kallon jikinta a kwance. Inna ta dafe ƙirji ta ce, "Shi ke nan, mutanen ɓoye sun shige ta!" Nas ta yi murmushi ta ce, "Haba Inna, ba iska ba ce, aikin allurar ne. Ku dai rage hayaniya, zai sake ta." Haka kuwa aka yi.

Sai da na shiga makarantar koyon aikin jinya na san sunanta ketamin. Wani masani mai suna Calvin Stevens ne ya haɗa ta a Amurka a 1962, aka amince da ita a can a 1970, har aka riƙa yi wa sojojin da suka ji rauni a yaƙin Biyetnam. Abin da take yi shi ne ta raba hankalin mutum da jikinsa, ido na iya zama a buɗe amma bai san ana yanka shi ba. Likitoci na son ta ne don ba ta cika danne numfashi ba, ba ta kuma saukar da bugun jini kamar sauran magungunan sa barci. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin magungunan da suka zama dole, shi ya sa kuma take rufin asirin asibitocin karkara irin namu. Likitocin dabbobi ma da ita suke aiki. A 2019 Amurka ta amince da wani nau'inta da ake fesawa a hanci don masu matsanancin ciwon damuwa, shi ma a gaban ma'aikatan lafiya.

To amma 'yan uwa, wannan shawagin da ya firgita Inna, shi wasu ke saye da kuɗinsu. A gidajen rawa na Turai da Amurka samari da 'yan mata na shaƙar garinta wai don su bar duniyar na ɗan lokaci. Mai shanta ba ya jin ciwo, sai ya faɗi ya karye bai sani ba, ko ya yi amai ya shaƙe, balle in ya haɗa da giya. Wanda ya daɗe yana sha kuwa, mafitsararsa ce ke lalacewa, fitsari da jini da azaba, wasu ma sai an cire musu ita ɗungurungum suna da ƙuruciyarsu. Ganin haka Ingila ta ƙara tsananta dokarta a 2014.

Kun san fitaccen ɗan wasan nan na Amurka, Matthew Perry na shirin Friends? A watan Oktoban 2023 aka tsinci gawarsa cikin kwamin wanka a gidansa, yana da shekara 54, bincike ya nuna ketamin ce ta yi ajalinsa. An gurfanar da mutum biyar a kan haka, har da likitoci biyu. Ga kuɗi, ga suna, amma ina!

Abin da ya fi ɗaga min hankali, ƙannena, shi ne miyagun maza na iya zuba irinta a lemo. Yarinya ta sha, jiki ya mutu, ta farka ba ta tuna komai, an rabata da mutuncinta. Don Allah kada ki karɓi lemon da ba a gabanki aka buɗe ba, ko da kuwa wanda ke cewa zai mutu a kanki ne ya miƙo. Ƙawar da ta ce "ɗan gwada sau ɗaya, zai kore miki damuwa", wallahi ba ƙawa ba ce. In damuwa ta yi miki yawa, ki faɗa wa mahaifiyarki ko babbar yayarki, ku je asibiti.

Yaron nan na Yaya yanzu ya zama saurayi. Duk na gan shi sai na tuna allura ɗaya ce, a hannun likita da awo ta zama rahama, a hannun 'yan shaye-shaye ta zama ajali. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Allah Ya kare mu da zuriyarmu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.