Tankar Yaƙi a Tafin Hannu

Yaran birnin Kano sun daɗe suna ƙera motocin wasa da kara da gwangwani. Kamfanin Tamiya na Japan kuwa ƙananan tankokin yaƙi yake yi da roba, bisa ma'aunin 1:35.

A ɗauki T-34 ta Tarayyar Sobiyet, ta 1940, mai nauyin kimanin tan 26. In aka rage ta sau 35 ta kowace fuska, nauyinta zai ragu sau 42,875, ya koma wajen giram 600, ko da ƙarfe aka yi ta.

Galileo ya bayyana wannan ƙa'ida a 1638. Dabba ma in girmanta ya ninka biyu, nauyinta zai ninka 8, ƙarfin ƙashinta kuwa 4 kacal. Shi ya sa ƙafar giwa take kamar turmi, ta barewa siririya.