Kaza Mai Ɗingishi: A Duba Kafin a Ɗauko Wuƙa

A yawancin gidaje, da zarar an ga kaza tana ɗingishi, hukunci biyu ne: ko a yanka ta kafin ta mutu, ko a fasa kafso a zuba mata a ruwan sha. Duka biyun gaggawa ce, domin ɗingishi alama ce kawai, sai an san musabbabinsa ake sanin abin yi. Kazar da ƙofa ta datse, ko akuya ta taka, ko zare da gashin kitso suka naɗe mata yatsu, takan ɗage ƙafa guda, wurin ya kumbura ya yi zafi, amma idonta garau, tana cin abincinta. Wadda cutar Marek ta kama kuwa, cutar da likitan dabbobi ɗan ƙasar Hangari József Marek ya fara bayyanawa a 1907, takan kwanta ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya. Jijiya ce ta shanye, ɗori ba zai yi mata komai ba. 'Yan tsakin da yatsunsu suka lanƙwashe ciki galibi ƙarancin bitamin B2 ke damunsu, gyaransu a abinci yake.

Idan an tabbatar rauni ne, aikin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A ware ta a kwando ko ƙaramin akurki mai shimfiɗar busasshiyar ciyawa, ruwa da tsaba kusa da bakinta, domin sauran kaji suna tsattsagar wadda suka ga jini a jikinta. A wanke ciwon da ruwan gishiri mai ɗumi, a shafa aidin. In ƙashin ƙwauri ne ya karye fata ba ta fashe ba, a miƙe shi a hankali, a naɗe da auduga, a sa sillen kara gefe da gefe, a ɗaure da tsumma mai tsabta. A riƙa taɓa yatsun kullum: in sun yi sanyi ko sun kumbura, ɗaurin ya matse, a sassauta. Ƙashin tsuntsu ya fi na mutum saurin haɗewa, cikin mako biyu zuwa uku yawanci takan fara taka ƙafar.

Wani zai ce wahalar ta fi kazar, ai sabo da kaza ba ya hana yanka. Wani lokacin da gaskiyarsa. In ƙashi ya huda fata, ko karayar a cinya take inda kara ba ya riƙewa, ko buroila ce da ta kai sayarwa, yanka ya fi jinya tausayi. Amma kazar gida mai ƙwai jari ce, tana ƙyanƙyasa sau biyu ko uku a shekara, mako uku na kulawa bai kai asarar wannan ba. Masu dogaro da kafso su ma su sani cewa maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya haɗa ƙashi, kuma ragowarsa na fita a ƙwai da naman da iyali za su ci.

Babbar ribar dubawa ita ce tsare sauran kajin. In biyu ko uku suka kwanta a tare, wuya na murɗewa, wannan ba karaya ba ce, alamar cutar Newcastle ce, wadda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato ke haɗa rigakafinta. A nan sai a killace su, a kira malamin dabbobi tun a ranar.