Wa Zai Fito a Gandoki?

Ranar kasuwar Babura, a wata rumfar cajin waya inda ake tura finafinai, na iske samari uku suna musu: da za a mayar da littafin Gandoki fim, wa za a ba rawar? Ɗaya ya ambaci jarumin da ke tashe a Kannywood. Na biyu ya ce hannun wannan ya cika laushi, bai yi kama da na mai riƙe takobi ba. Na ukun, wanda shi kaɗai ya karanta littafin, ya ce, "To cikin waɗanda kuka lissafa wa ya iya kirari?" Aka yi tsit.

Yaron ya taɓo inda gizo ke saƙa. Gandoki na Malam Bello Kagara ya fito a 1934, tare da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, duk albarkacin gasar da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933. Shi Gandoki gwarzo ne da ya gwabza da Turawa, ya kuma kutsa duniyar aljanu, amma da baki yake ba yara labarinsa. Wanda harshensa ke sarƙewa, ko ƙirjinsa ya kai faɗin ƙofa, zai kashe littafin.

Magabata sun gane haka. Da Adamu Halilu ya tashi yin fim ɗin Shaihu Umar a 1976, Umaru Ladan ya ba rawar Shaihun, mutumin da tuni shi da Dexter Lyndersay suka mayar da littafin wasan daɓe. Ya san labarin ciki da bai kafin ya naɗa rawani.

Da zamanin bidiyo ya zo, littattafan soyayya da na zaman gida aka fi ɗauka: In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa, Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. Na yaƙi da aljanu, irin Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, suna cin kuɗi: dawakai, sulke, ɗaruruwan mayaƙa, ga siddabarun kwamfuta. Furodusan da ya zuba dukiya haka yana tsoron asara, sai ya fake da sananniyar fuska. A da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai fasta suke dubawa kafin su sari kaset. Yanzu YouTube ke ƙirga masu kallo. Ban ga laifinsa gaba ɗaya ba, abinci yake nema.

Amma a duba Malam Zurƙe ɗan Muhamman na Ruwan Bagaja. Da jin sunansa za a ce a nemo ɗan barkwanci. Kuskure ne. Zurƙe ba wawa ba ne, hatsabibi ne da ke ramuwar gayya da Alhaji Imam, jarumin littafin, yau wannan ya yi nasara gobe wancan. Idan aka ba mai zare ido da faɗuwa ƙasa, an mayar da kokawar wayo wasan yara, Alhaji Imam ma ya rasa abokin karawa.

Ba mu kaɗai ke wannan rigima ba. J.K. Rowling ta dage sai 'yan Birtaniya za su fito a fim ɗin Harry Potter na 2001, duk da haka masu karatu suka yi ƙorafi don idon Daniel Radcliffe, wanda ya fito a Harry, ba kore ba ne kamar na littafi. A 2025 da aka sanar cewa Paapa Essiedu, baƙar fata ɗan asalin Ghana, zai fito a rawar Snape na Harry Potter, sai zagi ya ɓarke a intanet.

Nan nake jan kunnenmu. Kowane mai karatu da fuskar da ya zana a ransa, ba yadda darakta zai gamsar da dubu. Ɗan wasa kuma kiransa aka yi. Mai ƙorafi ya nufi furodusa da darakta, da hujja daga littafin, ban da ashar. Su kuma masu shiryawa su buɗe gwaji, su fita daga birnin Kano. Tsakanin Roni da Gwiwa da bakin iyakar nan ta Nijar akwai mahaya dawakin Sallah da 'yan tauri da maroƙa, waɗanda ba sai an koya musu zaman sirdi ko kirari ba.