GANI YA KORI JI: YADDA SABON KAYA YAKE SAMUN KASUWA

A zagayen da mukan yi wa ƙungiyoyin manoma, akwai wani ɗaki da muka saba gani. Yawanci yana bayan majami'a, ko kuwa a gidan ma'aji. In an buɗe shi sai a tarar da kaya jibge: kwalaben zuma, garin waken soya a leda, man gyaɗa, ko busasshen tumatir. Kayan ba su da aibu. 'Yan ƙungiya sun yi karo-karo, wasu har sun ci bashi, an sayi inji, an sha wahala. Sa'an nan aka yi sanarwa sau ɗaya ran Lahadi, aka koma gida ana jiran masu saye. Bayan wata uku kaya suna nan, ranar biyan bashi ta matso, masu zuwa taro sun ragu, an fara yi wa shugabanni kallon zargi.

Tambayar da akan yi mana a irin wannan wuri ɗaya ce: "Yaya za mu yi mutane su san kayanmu, su saya?" Za mu amsa da labarin wani kaya wanda da yawa a cikinku kun riga kun san shi, wato buhun ajiye wake da ake kira PICS. Shi ma dā baƙo ne, ba wanda ya yarda da shi. Hanyar da aka bi har ya shiga kasuwanninmu tana da abin koyi ga kowace ƙungiya mai sabon kaya.

Ƙwaron wake da buhu mai riga uku

Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar tana biye da ita. Amma kowane manomi ya san abokin gāban wake. Ƙwaron yakan yi ƙwai a jikin ƙwayar tun daga gona, tsutsar ta huda ta shiga ciki tana ci, cikin wata guda ta zama uwa, ita ma ta yi nata ƙwan. Kafin wata biyu ko uku, buhu ya zama huji da gari. Saboda haka manomi yakan sayar da wakensa da kaka, lokacin da ya fi araha, ko kuwa ya zuba masa magani. Maganin nan ya jawo ciwo a gidaje da yawa. A 2015 ma Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa.

Tun wajen ƙarshen shekarun 1980, masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka, a ƙarƙashin Farfesa Larry Murdock, tare da 'yan'uwansu masu bincike a Marwa ta ƙasar Kamaru, suka gano cewa in aka ɗaure wake cikin leda mai kauri yadda iska ba za ta shiga ba, ƙwarin sukan shaƙe iskar da ta rage, su daina ci, su daina haihuwa, su mutu. Daga nan aka kai ga buhu mai riga uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure shi dabam. Ba magani ko kaɗan.

Ku lura da wannan. Dabarar tana aiki, an kuwa san da ita kusan shekara ashirin, duk da haka yawancin manoma ba su ji labarinta ba, buhun kuma babu shi a kasuwa. Kyan kaya kaɗai bai kai shi hannun mutane ba. Sai a 2007, sa'ad da Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da dala miliyan 11.4 domin aikin shekara biyar a ƙasashe goma na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, aka zauna aka yi tunanin yadda za a kai shi ƙauye.

Yadda aka kai shi ƙauye

Masu aikin sun san manomi ba zai zuba guminsa na shekara cikin leda don wani baƙo ya ce a yi haka ba. Suka haɗa kai da waɗanda mutane suka riga suka sani: malaman gona na jihohi da cibiyar IITA a Nijeriya, da cibiyar binciken noma ta INRAN da ƙungiyar World Vision a Nijar. Malamin gona yakan fara zuwa wurin dagaci ko mai unguwa, a sa rana. Ran taro, sai a nemi mutum biyar na garin waɗanda za su yarda a gwada da waken kansu. A gaban jama'a ake duba ledar ko ta huje, a zuba wake, a matse iska, a ɗaure leda ta fari, ta biyu, sa'an nan buhun waje. Kowa ya ɗauki nasa ya kai ɗakinsa. Malamin yakan komo tsakani ya duba ko ana kiyaye buhun daga ɓera, kada kuma a buɗe.

Bayan wata huɗu zuwa shida sai a sake tara gari domin bikin buɗe buhu. Nan ne maganar take. Mai wake da kansa yake kwance igiya, mutane su sa hannu su ɗebo, su gani da idonsu wake fes kamar ranar da aka zuba shi, alhali na maƙwabci da aka bari a buhun gargajiya ya zama gari. A lokacin kuwa farashin wake ya riga ya tashi, kowa yana iya yin lissafin ribar da kansa. Ba malamin gona ne ya ci gardamar ba. Maƙwabcinka ne, wanda ka san gonarsa, ka san ba zai ruɗe ka ba. An yi irin wannan gwaji a ƙauyuka fiye da 30,000 cikin shekara biyar ɗin, aka kuma sayar da buhu fiye da miliyan 2.

Ban da wannan, an sa saƙo a gidajen rediyo da Hausa da sauran harsunan gida, an manna hotuna masu nuna yadda ake ɗauri mataki mataki domin wanda ba ya karatu. An kuma ɗauki ɗan gajeren bidiyo da Hausa, mutane suna tura wa juna daga waya zuwa waya ba tare da biyan ko kwabo ba. Da aka ga mata ba su cika zuwa taron fili ba, ga shi kuwa su ne masu ajiye wake a gidaje da yawa, sai aka nemi hanyarsu dabam. A Burkina Faso har gasar ajiye wake aka shirya wa mata.

Amma akwai inda aikin ya yi tuntuɓe. Manomi ya ga gwaji, ya gamsu, ya tafi kasuwa da kuɗinsa, bai sami buhu ba. Kamfanin Lela Agro na Kano yana yin buhun, amma tsakanin Kano da ƙauye akwai tafiya. Binciken masu aikin ya nuna cewa in mai sayarwa ya yi nisan da ya wuce kilomita 7, masu amfani da buhun sukan ragu ƙwarai. Dole aka koma neman 'yan kasuwa manya da ƙanana, a tabbata kowa yana da ribarsa, kaya kuma su iso kafin a fara roron wake. Buhun gwaji kaɗai aka bayar kyauta, sauran sayarwa aka yi, gama abin da ake rabawa kyauta ɗan kasuwa ba zai ajiye shi a shagonsa ba.

To, mu fa?

Wani zai ce, "Su suna da miliyoyin dala, mu kuwa ba mu da ko kuɗin mota." Gaskiya ne. Amma su ƙasa goma suka nufa, mu kuwa kasuwa biyu ko uku muke nema. Abubuwan da suka yi aiki a cikin labarin nan ba masu tsada ba ne. Ga yadda muke ganin ƙungiya za ta bi.

Da fari, ku san wanda kuke yi wa kayan, da damuwar da kayan za su raba shi da ita. Masu buhu ba su tsaya bayanin kaurin leda ba, cewa suka yi wake ba ƙwari, ba magani. A ce garin waken soya kuke yi. Mai sayensa uwa ce wadda take yaye, tana son kunun da zai riƙe yaro. In man gyaɗa ne, mai tuyar ƙosai da mai abinci a tasha za su fi mai gida ɗaya saye, kowane mako kuwa. Ku faɗi amfanin kayanku cikin magana ɗaya wadda yaro zai iya maimaitawa. In kun kasa, ba ku shirya fita ba tukuna.

Na biyu, ku nemi naku mutum biyar. Ku zaɓi waɗanda ake jin maganarsu, ba lalle 'yan ƙungiya ba: unguwarzoma, mai shayi, uwar zumunta, malamin makaranta, matar mai unguwa. Ku ba su kaɗan su gwada, ku koma bayan mako biyu ku tambaye su gaskiya. In sun ce garin yana da gafi, ko murfin kwalba yana yoyo, kada ku ji haushi. Gara ku ji daga mutum biyar da ku ji daga kasuwa duka.

Na uku, ku shirya naku bikin buɗe buhu. Ku gai da sarkin kasuwa, ku roƙi wuri ran kasuwa, ku dama kunun a gaban mutane, ku toya ƙosai da man, a ɗanɗana. Wanda ya riga ya gwada shi ne zai yi magana, ba shugaban ƙungiya ba. Ku zo da kaya a ƙananan ƙulli, domin mutum yakan yarda ya gwada sabon abu da kuɗi kaɗan, amma ba zai fara da galan ba.

Na huɗu, ku yi amfani da hanyoyin da suke hannunmu. Muna da sanarwa bayan sujada, da taron Zumuntar Mata, da na matasa, da taron gunduma inda mutane suke zuwa daga garuruwa da yawa su koma da labari. Waɗannan alheri ne, amma akwai tarko biyu a ciki. Ɗan'uwa yakan saya sau ɗaya don kunya ko don taimako, ku kuwa ku ɗauka kasuwa ta buɗe. Ainihin gwaji shi ne ko zai komo ya saya na biyu. Sa'an nan 'yan ekklesiya kaɗai ba za su shanye kayanku ba. Maƙwabtanmu Musulmi suna sayen zuma da mai, da azumi ma buƙatarsu takan ƙaru. Saboda haka ku ba kayan suna wanda kowa zai ji daɗin kira, ku kai shi inda kowa yake zuwa. Mai shela, da rediyon jiha, da ɗan bidiyo na minti ɗaya a WhatsApp mai nuna yadda ake dama kunun, duka suna da amfani. Sai dai aikinsu tuni ne, da faɗin inda za a samu. Kada ku fara da su.

Na biyar, kada shela ta riga kaya. Kafin ku yi ko sanarwa ɗaya, ku tabbata akwai mai tebur ko mai shago a kowace kasuwar da kuke nufi wanda yake riƙe da kayanku, kun kuma bar masa riba mai ma'ana. Ku rubuta sunan ƙungiya da lambar waya a jikin kowane ƙulli. Ku lura da lokaci: kayan gona kafin damina, kayan ajiya kafin kaka, kayan abinci kafin Kirsimeti da Salla. Wanda ya zo nema sau biyu bai samu ba, da wuya ya zo na uku. In kuma kuna nufin kai abincin da aka ƙulla shagunan birni a Nijeriya, ku nemi rajistar hukumar NAFDAC tun da wuri.

Na shida, ku ware kuɗin wannan aiki tun ranar da kuke lissafin inji. Shawararmu ita ce kashi ɗaya cikin goma na jari a ajiye shi domin ɗanɗano, da kuɗin mota, da takardar suna. Ku ɗora wa mutum biyu nauyin, namiji da mace, su riƙe littafi. Duk wanda ya saya a tambaye shi, "A ina ka ji labarinmu?" a rubuta. Bayan wata uku littafin nan zai nuna muku hanyar da take kawo mutane, da wadda take cin kuɗi kawai.

Abu na ƙarshe shi ne riƙon amana. Buhun wake ya karɓu domin abin da aka faɗa shi aka gani ran buɗewa. Kada ku ce zumarku tana warkar da kowace cuta. Kada ƙullin da aka ɗanɗana ya fi wanda aka saya kyau, kada mudu ya ragu bayan an sami kasuwa. A ƙauye labari ba ya kwana, na kirki da na banza duka.

Domin tattaunawa a taronku na gaba

1. Wane ne ainihin mai sayen kayanmu, wace damuwa kuma muke raba shi da ita?
2. Su wane ne mutum biyar da za mu ba su gwaji, wa zai koma ya ji bakinsu?
3. In mutum ya ji labarinmu yau, tafiyar kilomita nawa zai yi kafin ya sami kayan?
4. Cikin waɗanda suka saya, mutum nawa ne suka komo?

Muna roƙon magatakardan kowace ƙungiya ya rubuto mana amsoshinku, da abin da kuka gwada ya yi, da wanda bai yi ba, domin sauran 'yan'uwa su ƙaru. In kuwa akwai ɗaki irin wanda muka ambata a garinku, kada ku jira wani taro. Ku buɗe shi, ku ƙulla kaɗan, ku nemi mutum biyar kafin kasuwa mai zuwa.