Yadda Ake Kula da Injin Shafe Daɓe Kafin Ya Tsaya Ana Tsakiyar Aiki

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin da ake zuba daɓen babban sito ko masallaci zai iya tuna wani inji mai dogon hannu, da ƙafafu huɗu na ƙarfe suna juyawa a ƙasa kamar fanka. Magina da dama suna ce masa helikwafta. Aikinsa shi ne danne kankare da goge shi har ya yi santsi, aikin da zai ɗauki birkiloli da yawa sa'o'i suna durƙushe da cokali.

Matsalarsa ɗaya ce: siminti ba ya jira. Idan janareta ya mutu, sai a kunna tocila a jira gobe. Idan wannan ya mutu ana tsakiyar daɓe, kafin a nemo bakanike kankaren ya sandare, buhunan simintin da aka zuba kuma sun tafi a haka. A zafin Afrilu na Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa, lokacin ya fi gajarta.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne injin kashi biyu ne. Na sama sananne ne. Yawancin masu faɗin inci 36 suna ɗauke da Honda GX160 ko kwafinsa na ƙasar Sin, wato irin wanda ke jikin injin ban ruwa na noman rani. Duk mai gyaran janareta a kasuwar Ƙanƙara ya san cikinsa. Honda ta ce a canza baƙin mai bayan awa 20 na farko, daga nan duk bayan awa 100 ko wata shida, kuma bai wuce ɗan sama da rabin lita yake sha ba. Tazarar bakin fulogi milimita 0.7 zuwa 0.8 ce. Matatar iska kuwa, a wurin da ƙurar siminti ta haɗu da ta hunturu, kada a jira lissafin awa. A buɗe ta kullum. Wani lokaci injin ya ƙi tashi ne kawai saboda mai ya yi ƙasa, na'urar da ke gadinsa ta yanke wuta. A duba mai a wuri mai daidai kafin a fara kwance kafireto.

Kashi na ƙasa ne ke ba da wahala, domin babu irinsa a janareta. Daga inji, kuloci yana kama bel idan gudu ya ƙaru, bel ya juya akwatin giya, shi kuma ya juya hannaye huɗun da aka ɗaura wa faifan gogewa. Waɗannan hannaye dole su riƙa karkata tare: a kwance lokacin da kankare ke da taushi, a ɗan ɗaga idan ya fara tauri. Ruwan siminti yana shiga gaɓoɓinsu, kuma idan ya kwana a ciki ya zama dutse. Saboda haka wanki nan take bayan aiki, sannan giris a kowace gaɓa, ya fi kowane gyara arha. A dai kiyaye watsa ruwa kan inji mai zafi ko cikin matatar iska.

Idan injin ya fara rawa a hannu, ko yana barin zane mai kama da da'ira a daɓe, galibi hannu ɗaya ne ya lanƙwashe. Yawanci ba a wurin aiki hakan ke faruwa ba, wajen saukewa daga mota ne, a dungurar da shi ƙasa. Gwajin ba wuya: a cire hular fulogi, a ajiye shi a daɓe mai daidai, a duba ko ƙarafan huɗu duk sun taɓa ƙasa iri ɗaya. Wasu kan kai wa mai walda ya gasa ya miƙe, amma da wuya ya koma daidai. Sabon hannu ya fi. Ƙarafan gogewar ma, idan sun cinye, a canza su huɗun gaba ɗaya.

Akwai ɗan makunni a jikin hannu da ke kashe injin idan ya kufce wa mai riƙe da shi. Wasu suna cire wayarsa wai yana damun su. Hannun da ya kufce yana juyawa da ƙarfin da zai iya karya haƙarƙari. Haka kuma a cikin sito marar tagogi, hayaƙin fetur yana kisa ba tare da an ji wari ba.

Waya tana da amfani a nan. A rubuta awannin aiki a manhajar rubutu, a sa ƙararrawar ranar canza mai. A ɗauki hoton lambar da ke jikin bel da ta inji, domin idan za a yi odar kaya daga Funtuwa ko kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, hoto ta WhatsApp ya fi bayanin baki. Bel ɗaya da fulogi ɗaya na ajiya su kasance a aljihun mai injin tun kafin a fara kwaɓa siminti.