Fitilar Hoton Ƙashi Da Ƙarfen Da Ke Shan Wuta A Cikinta

Duk wanda ya taɓa raka majiyyaci asibiti saboda karaya ko tari mai tsanani ya ji likita ya ce a je a ɗauko hoto. Akan tsai da mutum gaban wani allo, a ce ya riƙe numfashi, sai a ji wani gunji kamar inji yana tashi, kafin ƙiftawar ido an ce an gama. Gunjin nan na wani faifan ƙarfe ne da ke juyawa cikin rufaffiyar kwalba, kuma dalilin juyawarsa abin a tsaya a bincika ne.

Asalin al'amarin daga Jamus ne. Ran 8 ga watan Nuwamba, 1895, wani shaihin malami mai suna Wilhelm Rontgen yana gwaji a birnin Wurzburg da kwalbar da aka tsotse mafi yawan iskar cikinta, ana sakar mata wutar lantarki. Ya lulluɓe ta da baƙar takarda, amma duk da haka sai ya ga wani allo mai magani da ke nesa yana ƙyalli. Ya gane akwai wani haske da ido ba ya gani, wanda ke ratsa takarda da katako da nama, amma ƙashi da ƙarfe su tare shi. Ya sa masa harafin X, watau alamar abin da ba a sani ba a wurin masu hisabi. Shi ne ake kira eksire a asibitocinmu.

To, ga yadda hasken ke samuwa. A cikin kwalbar akwai abu biyu suna fuskantar juna. Ɗaya siririyar waya ce, a ce mata lagwani. In ta yi ja sai ta riƙa sakin ƙwayoyin lantarki, ƙanana ƙwarai. Ɗayan kuwa guntun ƙarfe ne, Turawa na ce masa anod, amma sunan da ya fi dacewa da shi uwar maƙera, don aikinsa shan duka. Ƙarfin wutar da ke tsakaninsu shi ke fizgar ƙwayoyin nan ya maka su a kan ƙarfen. Wutar gida ba ta wuce bolt 240 ba, amma ta hoton ƙirji takan haura bolt 100,000. Tsayawar da ƙwayoyin ke yi farat ɗaya ita ke haifar da hasken.

Sai dai cinikin nan na hasara ne, irin wanda ba ɗan kasuwar da zai yarda da shi. In aka kasa ƙarfin wutar kashi 100, abin da ke zama haske bai wuce kashi 1 ba, sauran kashi 99 duk zafi ne, kuma a kan uwar maƙerar yake tarewa. Da a ce za a faɗaɗa wurin da ake dukan, da zafin ya bazu an huta. Amma hoton eksire inuwa ce, kuma kowa ya san inuwar da aci-balbal ke yi a bango ta fi wadda babbar wutar kara ke yi fita sosai. Likita na son ya ga tsagar ƙashi mai sirantar gashi, saboda haka tilas hasken ya fito daga wuri ƙarami, milimita 1 ko ƙasa da haka. Ga wuta mai yawa, ga wuri kamar ƙwayar gero. Tun 1895 har yau masu ƙirar nan da wannan matsala suke kokawa.

A kwalaben farko gilashin kansa ke shan dukan, yakan yi zafi ya tsage. Daga 1896 aka koma sa ƙyallen ƙarfen filatinam a tsakiya, wanda sai zafi ya kai digiri 1,768 yake narkewa, amma shi ma in aka matsa masa sai ya huje. Banda wannan, kwalaben suna dogara ne ga ɗan ragowar iskar cikinsu, ita kuwa yau ta ƙaru gobe ta ragu, har mai aiki ya zama kamar mai lallashin doki mai tutsu.

Wanda ya warware wannan William Coolidge ne, ma'aikacin kamfanin General Electric a Amurka. Ƙarfen da ya sa wa ido shi ne tangistan, wanda ba wani ƙarfe da ya kai shi jimirin wuta: sai digiri 3,422 yake narkewa, alhali baƙin ƙarfen maƙeranmu a 1,538 ya zama ruwa. Nauyinsa kusan ɗaya da na zinariya, kuma ƙarfe mai nauyin ƙwaya ya fi ba da haske in an doke shi. Aibinsa ɗaya, gautsi gare shi kamar kasko. Coolidge ya shekara da shekaru yana danne garinsa, yana gasawa, yana bugunsa da zafi, har wajen 1910 ya sami yadda za a ja shi ya zama waya. A 1913 ya fito da kwalbarsa, wadda aka tsotse iskarta ƙarƙaf, lagwaninta tangistan, uwar maƙerarta tangistan. Daga nan mai aiki ya sami linzami biyu: in yana son haske ya yawaita ya ƙara zafin lagwani, in yana son ya ƙara ratsa jiki ya ƙara bolt. Yawancin tangistan na duniya yau daga ƙasar Sin yake fitowa, ko da yake an taɓa haƙo dutsensa tare da kuza a Riruwai ta ƙasar Kano.

Tangistan yana jure zafi, amma jan ƙarfe ya fi shi saurin kwashe zafi ya kai wani wuri. Sai aka haɗa su aure: a dasa ɗan ƙwabon tangistan a goshin ƙatuwar sandar jan ƙarfe, wannan ya sha duka, wancan ya janye zafin zuwa waje. Irin wannan ƙira ce har yanzu a injin likitan haƙori, don shi ba ya bukatar wuta mai yawa.

Dabara ta gaba ta wani Bajamushe ce, Goetze, a 1918, kuma duk almajiri zai gane ta. In aka ja dogon layi a allo daga sama zuwa ƙasa, sa'an nan aka kwantar da allon aka dube shi ta gefen gindinsa, layin zai taƙaice ya koma kamar ɗigo. Haka aka karkata fuskar uwar maƙera, aka sa ƙwayoyin su sauka a dogon layi, zafi ya sami fili, amma daga ƙasa inda majiyyaci yake sai a ga hasken daga ɗigo yake fitowa. Karkatar takan kama daga digiri 7 zuwa 20. Ita ma tana da harajinta, domin hasken da ke ɓangaren uwar maƙera ya fi rauni, shi ya sa gwanin ɗaukar hoto yake juya wajen da ya fi kauri a jikin mutum zuwa ɓangaren lagwani.

A 1929 Albert Bouwers na kamfanin Philips a ƙasar Holan ya fito da kwalba mai uwar maƙera mai juyawa. Mai tafiya ba takalmi a rairayi da tsakar rana ba ya barin ƙafa ɗaya a ƙasa. Haka faifan nan ba ya barin wuri ɗaya a ƙarƙashin wuta. Yana juyi wajen 3,000 a minti, watau 50 a daƙiƙa, wasu har kusan 10,000, sai zafin ya bazu a kan zobe maimakon ɗigo. Abin mamaki shi ne ba wata sanda da ta ratsa gilashi take juya shi. Naɗin waya ne a bayan kwalbar ke jansa da ƙarfin maganaɗisu. Boris ɗinsa kuma ba a sa masa mai, don mai zai yi tururi ya ɓata kwalbar; da azurfa ko dalma ake shafe shi. Wuyan da ke riƙe da faifan siriri ne na ƙarfen molibdinam, da gangan, don kada zafi ya gangara ya cinye boris. Faifan yakan yi ja kamar garwashi, ya watsa zafinsa ga man da ke kewaye da kwalbar, ita kuma tana cikin kube mai shimfiɗar dalma da ke tare haske ta ko'ina sai ta taga guda.

Faifan zamanin nan hawa-hawa ne. Jikinsa molibdinam, fuskarsa tangistan da aka gauraya da ɗan riniyam, kashi 5 zuwa 10 cikin 100, don ya rage tsagewa, a manyan injuna kuma akan manna masa garafait a baya, watau baƙin abin cikin fensir, don ya tara zafi ba tare da ƙara nauyi ba. Injin duba nonon mata kuwa sau da yawa molibdinam ko rodiyam ake sa masa a fuska, domin nama mai taushi haske mai taushi yake so.

Duk da wannan, kwalba tana tsufa, kuma ya kamata attajirin da ke odar tsohon inji daga ƙetare ya san haka, don kyan fenti ba ya nuna lafiyarta. Zoben da ke shan duka yakan yi faso kamar dugadugan hunturu, haske ya ragu. Tururin tangistan yakan kwanta a gilashi har wuta ta riƙa tsalle. Boris yakan ci, gunjin ya koma ƙarar tsakuwa. In ta mutu ba mai gyara ta a bakin kasuwa, sabuwa ake saye da kuɗi masu kauri, majiyyata kuwa su yi ta jira. Abin tambaya ga mai sayarwa shi ne shekarar da aka sa kwalbar da yawan hotunan da ta ɗauka, don injuna da yawa suna riƙe da lissafin. Mai aiki kuma da safe yakan fara da 'yar wuta kaɗan sau biyu ko uku kafin babban aiki, domin faifai mai sanyi in aka sakar masa wuta gaba ɗaya yana iya darewa, kamar sabuwar tukunya da aka ɗora a kan murhu mai ci.